Shekara Tara Taga a Rufe

A asibitin nan babu wanda ya san ta da wani suna sai Mai Tsani. Masu shara, masu gadi, har manyan likitocin da amsa gaisuwa ke yi wa wuya, kowa Mai Tsani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kullum ƙarfe tara na safe za ka gan ta a bayan ɗakin gwaje-gwaje, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta rataya 'yar jaka a wuya, tana hawa tsanin ƙarfe mai matakala goma sha bakwai zuwa saman bene. Shekara ashirin da biyu tana wannan hawa. Matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa, ba ta ma ɓoyewa. Kare tsoro, allura tsoro, tsawa tsoro, direba ya ɗan taka mota ta hau salati. In ta kai matakala ta goma sai ta runtse ido ta ƙarasa sauran da lalube.

Abin da ke kai ta saman wata na'ura ce mai ƙafa uku, da wutsiyar ƙarfe wadda iska ke juyawa don bakin na'urar ya fuskanci duk inda iskar ta ɓullo. Tarko suke ce mata. Bakin 'yar tsaga ce siririya, amma ba ya hutawa, yana zuƙar iska gwargwadon abin da mutum ke shaƙa in yana zaune. A ciki akwai ɗan gilashi da aka shafa wa mai, agogo na tura shi a hankali, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne a jikinsa. Mai Tsani ta cire gilashin jiya, ta sa sabo, ta wana agogo, ta rubuta zafin ranar da laimar iska da yawan ruwan da aka yi, ta sauko tana addu'a.

Sai kuma ƙirga. Ta ɗiga wa gilashin jan ruwa, ta sa shi ƙarƙashin madubin hangen ƙwayoyi, ta kafa ido. Garin fure yakan sha launin ya yi jaja-jaja, na ciyawa kewayayye da ɗan ido guda, na itatuwa kowanne da siffarsa. Ƙwayoyin funfuna kuwa, masu tashi daga ruɓaɓɓen ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ruwansu da launi, suna nan ƙasa-ƙasa, wasu kamar 'yan tabare. Tana bin su layi-layi, babban yatsanta na danna abin ƙirga. Kafin azahar ta fitar da lambar ranar, ta je allon da ke ƙofar sashen masu ciwon ƙirji ta rubuta da alli. In lambar kaɗan ce, kore. In ta ɗan hau, rawaya. In ta yi sama, ja, wato mai fuka ya kama kansa ya zauna a gida.

Ba karatun abin ta yi ba. Da wankin kwalabe ta fara a ɗakin gwaje-gwajen, tana 'yar budurwa. Wani dattijo ne ke kula da tarkon a lokacin, gwiwa ta hana shi hawa, ya nemi mazan wurin su karɓe shi, kowa ya zille. Da ya juyo kanta, tsoron ta ce wa babba a'a ya fi mata tsoron tsani, sai ta hau. Shi ya zaunar da ita ya nuna mata ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya kuma hore ta kada ta taɓa rubuta lambar da idonta bai gani ba. Ta riƙe wannan gam. Da tafiya ta yi tafiya ta gane halin abin. In aka yi ruwa da asuba rana ta take, funfuna za ta tashi. In ciyawa ta yi kai iska ta bushe tana kaɗawa, garin fure ke nan. Ruwa mai ƙarfi yakan wanke sama na 'yan sa'o'i, kashegari abin ya dawo ninki biyu. Littafi goma sha ɗaya ta cika da wannan, babu shafin da ta tsallake.

To, matsoraci a ba shi madubin da zai riƙa ganin abin da ke yawo a iska, ai an gama da shi.

Mijinta ɗinki yake yi, kowa kuma Tela yake ce masa. A da yana da shago a bakin titi, keken ɗinki biyu da benci a ƙofa. Mutum ne mai barkwanci, in ya fara zuba sai wanda ya zo da fushin an ɓata masa rana ya manta abin da ya kawo shi. Shekara tara da suka wuce suka koma wani gidan haya kusa da asibiti, hawa na ƙasa, falo da ɗaki biyu, don ta huta da shiga mota. A daminar farko ya fara tari. Kafin daminar ta fita tarin ya zama fuka.

Ita kuwa me za ta yi in ba buɗe littafi ba? Ta jera ranakun da ya sha wuya a gefe guda, ta jera lambobinta a ɗaya gefen, sai ga su sun hau kan juna kamar an auna. Ranar ja, ranar wahala. Ta kai wa likitan da ke duba shi a lokacin, ya duba ya jinjina kai, ya ce da ma kowane mara lafiya yana da mata irinta. Wannan yabon shi ya ƙarasa ɗaure Tela. Daga ranar ta kafa doka: in ja ce, ba fita, ba buɗe taga. Aka rufe shago. Aka dawo da keke ɗaya ƙuryar ɗaki, aka jera yadudduka a cikin babban kabad ɗin da suka jingina da bango tun ranar da suka tare. Ta bi gefen taga da salatif, ta tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa.

Kullum da ta ajiye alli sai ta kira shi a waya.

"Malam, ja ce yau."

"To, ranki ya daɗe. Numfashin ma a bari sai gobe, ko a ɗan taɓa?"

"Don Allah ka daina wasa da rai. Ka rufe ko'ina."

"An rufe, Uwargida. Ko sauro sai ya nuna takarda kafin ya shigo."

Barkwancin ya yi ta raguwa shekara bayan shekara. Duk da rufewar, ranakun ja ya fi jigata, ita kuma sai ta ce ka gani ko, a rufe ma ke nan, ina ga a buɗe? Ta ƙara salatif. Rawaya ma ta shiga doka. Daga baya ko ranar kore ce, in ya leƙa ƙofa ya ga ganye na motsi sai ya ja da baya. Tsoronta ya shige shi tsaf. Salatif ɗin da ake ɓarewa in damina ta wuce aka daina ɓarewa. Mutumin da a da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya ya rame, ya yi fari, kafaɗunsa suka ɗage sama saboda kokawa da numfashi.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda ba, yayarsa. Ita ke karɓo masa ɗinki wurin tsofaffin abokan cinikinsa, ta kuma mayar musu in ya gama. Yaya ba ta iya tauna magana ba.

"Ke matar ƙanena, kin sa mutum a akurki kamar kaza. Ɗakin nan ni in na shiga kaina ke sarawa."

"Yaya, ba ki ga abin da nake gani ba ne."

"Allah ya sa kada in gani. Mu da muke shaƙa a makance ga mu nan da ƙibarmu."

Mai Tsani ba ta jayayya da babba. In Yaya ta fita sai ta gyara tsumman ƙofa da ƙafa.

A daminar bana aka yi kwana biyar a jere allo na ja. Kullum ruwa da asuba, rana ta buɗe da hantsi, ƙasa na tururi. Kwana biyar ɗin nan ko ƙofar falo ba a buɗewa sai in za ta fita ko za ta shigo. Ranar ta biyar ta taso aiki da la'asar, tun daga bakin ƙofa gabanta ya faɗi, don ba ta ji ƙarar keke ba. Ta tura ƙofar ƙurya. Yana durƙushe a ƙasa, ya dafa kujera da hannu biyu, wuyansa ya miƙe, leɓɓansa sun yi duhu. Wani siririn fito ne kawai ke fita daga ƙirjinsa. Maganin shaƙarsa na yashe a gefe. Ya ɗago ido ya dube ta, ya so ya yi magana, babu iskar yi.

Ba ta san lokacin da ta fita tsakar titi ba mayafi tana kururuwa ba. Wani maƙwabci ya fito da mota. A hanya ta rungume kansa, da ɗaya hannun kuma tana murɗa gilashin mota sama, tana roƙon direban ya rufe nasa. Ita da ba ta son gudu, ranar ita ke cewa ka taka, don girman Allah ka taka.

Aka karɓe shi, aka sa masa abin oksijin a fuska, aka yi allurai. Da numfashin ya ɗan daidaita aka kai shi ɗakin maza, gado na ƙarshe. Nan Mai Tsani ta ga abin da ya kusa sa ta faɗi. Gadon na jikin taga. Tagar a buɗe take wangale, gilashi biyu ma sun fashe tun ba yau ba. Bayanta kuma fili ne, ciyawa ta kai ƙugu, ta yi kai, iska na kaɗa ta.

"Inna lillahi! Kashe shi za ku yi?"

Ta rufe abin da ke rufuwa, ta samo kwali ta toshe inda ya fashe. Babbar nas ta zo ta cire kwalin ta jefar.

"Mai Tsani, nan ba saman benenki ba ne. Mutum goma sha shida ne a ɗakin nan, so kike su dahu?"

"Ki taimaka ki sauya masa gado."

"Babu gado. Ki gode wa Allah da aka samu wannan."

Kashegari ta hau tsani ba ta ma san ta hau ba. Da ta sa gilashin a madubi, yatsanta ya yi ta dannawa har ya ƙage. Garin ciyawa da funfuna sun haɗu, lambar da ta fito ba ta taɓa rubuta irinta a littafi goma sha ɗaya ba. Ta rubuta a allo, alli ya karye sau biyu. Daga nan ta nufi ɗakin maza tana jan ƙafa, ta riga ta gama sawa a ranta labule za ta tarar an ja a gadon ƙarshe.

Zaune ta same shi. An cire oksijin. Ya riƙo gefen rigar asibitin da ke jikinsa yana nuna wa na kusa da shi.

"Dubi wannan ɗinki, don Allah. Wanda ya yi shi da ƙafa ya riƙe almakashi."

Iska na shigowa ta taga tana kaɗa masa gashin gemu.

Kwana na uku ya ci abinci ya nemi ƙari. Kwana na huɗu ya taka har ƙarshen baranda ya dawo bai tsaya ba. Allo kuwa na nan ja wur. Yaya na ta hamdala, nas-nas na tsokanarsa, kowa na murna sai mutum ɗaya. Mai Tsani ta ce wa kanta aikin magani ne. Amma yawancin magungunan irin na gida ne, ita ke ba shi da hannunta. Shekara tara lambarta ba ta taɓa saɓawa ba, yau ga mutum kwance a bakin ciyawa a mafi munin mako, yana zagin ɗinkin wani.

Wata sabuwar likita ce ke duba shi, yarinya ƙarama mai gilashin ido. Ta kira Mai Tsani ofis ta ɗaga hoton ƙirjinsa a hasken taga.

"Mama, kin ga wuraren nan fari-fari? Tabo ne. Ba na kwana biyar ba ne, ba na shekara ɗaya ba. Akwai abin da ya daɗe yana shaƙa kullum, huhunsa na faɗa da shi. Abin da ya lalace ba zai dawo ba, sai dai mu ceci saura. In ya koma shaƙarsa, zuwa na gaba ban yi miki alkawari ba."

"Likita, ai ba ya fita. Ina da littafi. Duk abin da ke iskar garin nan na san shi."

"Na san aikinki, Mama, allonki nake dubawa kullum. A ina yake wuni?"

"A ɗaki."

Likitar ta gyaɗa kai, ta ce gobe za a sallame shi.

A ɗaki. Maganar ta bi ta har wurin aikinta. Ta zauna gaban madubi ta kasa duba komai. Can ta ɗauki sabon gilashi, ta shafa masa mai kamar yadda take yi kowace safiya, ta sa shi a akwatinsa, ta jefa a jaka. Tun da aka kwantar da shi ba ta taka gida ba, a asibiti take kwana. Da ta buɗe ƙofar ƙurya sai wani wari ya doke ta, warin jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti. Shekara tara tana shiga ɗakin nan hancinta bai taɓa ji ba. Ta ajiye gilashin a kan keken ɗinki, daidai inda fuskarsa ke kasancewa in ya sunkuya. Ta ja ƙofa.

Da safe ta ɗauko shi kafin ta hau bene. Gilashin tarko ta ajiye gefe, abin da ba ta taɓa yi ba, ta fara da na gida.

Ba ta danna abin ƙirga ko sau ɗaya ba. Me za ta ƙirga? Ko'ina ta matsa cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi kewayayyu, jere a sarƙe kamar tsakiyar wuya, wasu kan wasu. Ta san su. A saman bene sai ta yi mako ba ta ga ashirin ba. Dattijon nan ya taɓa nuna mata su, ya ce waɗannan ba 'yan fili ba ne, a rufaffen wuri mai laima suke haihuwa, inda iska ba ta ratsawa. Ta ɗago kai, ta goge ido, ta sake dubawa ko za su tafi. Suna nan.

Sai komai ya jeru mata a kai, tana ji tana gani. Ranar da laima ta yi yawa lambarta ke hawa. Ranar da lambarta ta hau ita ke sa a rufe taga. Ranar da aka rufe taga, laimar nan ce dai ke ciyar da abin da ke ɗakin, shi kuma yana zaune a tsakiya yana zuƙa. Littafinta bai yi ƙarya ba ko sau ɗaya. Ita ce ta karanta shi ta kulle mijinta da abin da ke kashe shi. Zufa ta karyo mata har tafin ƙafa. Ƙarfe biyu za a sallame shi, ga shi sha ɗaya ta wuce.

Ta kira Yaya, don babu wani da za ta iya kira. Suka haɗu a gidan. Mai Tsani ta bi bango da tafin hannu, ko'ina a bushe, sai da ta zo gefen kabad ta ji sanyi.

"Yaya, kama mini."

Suka ja, ya ƙi. Suka kwashe yadudduka, na can ciki duk sun yi tabo kore-kore. Suka sake ja, bayan kabad ɗin ya ɓare ya zauna a jikin bango. Bangon baƙi ƙirin tun daga ƙasa har kusa da rufi, ya yi gashi-gashi, ruwa na tsattsafowa ta wata tsaga. Bayansa banɗakin maƙwabta ne, bututu ya daɗe yana yoyo a cikin ginin. Tsakanin wannan bango da kujerar Tela bai fi taku biyu ba.

Mai Tsani ta tsugunna ta rufe kai, tana jiran Yaya ta wanke ta tas. Da ma ta yi, da ta ji sauƙi. Yaya ta tsaya tana kallon bangon, ta ja mayafi ta rufe hanci, ta je ta kama salatif ɗin taga ta yi ta fizga. Tagar ta ƙi buɗuwa sai da ta sa kafaɗa.

"Gidana zai koma," in ji ta. "Amma ba ni zan gaya masa ba. Da bakinki kika rufe shi, da bakinki za ki faɗa."

Suka same shi ya shirya tsaf, ya sa hula, ya ɗaure hanci da hankici, jakarsa a cinya.

"Ina kuka shiga? Ku zo mu tafi tun iskar nan ba ta gama da ni ba. Sa'a kawai na yi. Uwargida, a kawo mota har bakin ƙofa, kuma kin tabbata an rufe ɗakin?"

Ta durƙusa a gaban gadon, a gaban mutum goma sha biyar.

"Malam, ba gida za mu ba. Ciwon naka ba daga waje yake ba. A ɗakin yake, bayan kabad. Na gani da idona a madubi, mun kuma gani ni da Yaya. Duk ranar da na ce ka rufe, ni ce na ƙara maka. Ka yafe mini."

Ya dubi Yaya. Yaya ta gyaɗa kai.

Ta yi zaton zai yi faɗa, ko ya yi dariya ya ce wasa ne. Bai yi ko ɗaya ba. Ya sauke hankicin daga hancinsa a hankali, ya ninke shi huɗu, ya daidaita gefe da gefe da farce. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ranar da Inna ta rasu," ya ce, "ja ce, ko?"

Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifiyarsu, ba a taɓa tayar da maganar a gidan ba. Ranar ya sa riga zai fita, ita ta tare ƙofa da jikinta, ta riƙe masa hannu tana kuka tana cewa maƙabarta duk ciyawa ce, in ya je gawa biyu za a yi. Ya koma ya zauna a kujerar keke. Aka kai Inna ba shi. Har yau bai san inda kabarinta yake ba.

"Ja ce," ta ce.

"Da na je, da ba abin da zai same ni?"

Ga ƙarya nan a bakinta, mai sauƙi, wadda za ta rufa musu asiri su duka. Ta kasa.

"Ban sani ba, Malam. Wataƙila ma da sauƙi za ka ji."

Ya miƙe ya ɗauki jakarsa da kansa. A bakin ƙofar asibiti ya ja ya tsaya, yana kallon fili da itatuwa, ƙirjinsa na hawa da sauka. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa, ta kuma san wanda ya sa masa shi. Ya shiga gaban motar haya, ya ce wa direba, "Maƙabarta za ka fara kai mu. Yaya za ta nuna maka hanya."

Mai Tsani ta buɗe baki. Ita ta san abin da ke iska yau, ko ba ta ƙirga ba. 'Yan kwanaki da fitowa daga bakin mutuwa, huhu duk tabo, a shiga ciyawa mai kai da tsakar rana? Kwanciya kusa da taga daban, kutsawa ciki daban. In fa duka biyun ke cinsa, na ɗaki da na waje? Yaya ta dafa mata gwiwa ta matse. Ta mayar da bakinta ta rufe. Tun daga nan har suka isa idonta na kan kafaɗunsa, duk ɗagawa ɗaya sai ta ji a nata ƙirjin.

A ƙofar maƙabarta Yaya ta nuna masa da hannu, can kusa da katanga, layi na uku daga wata bishiya. Ya ce su jira shi a nan. Ya kutsa. Ciyawar ta kai masa ƙirji, duk inda ya ture sai wani ɗan gari ya tashi a hasken rana ya sauka a rigarsa. Mai Tsani ta ciro maganin shaƙa daga jaka ta damƙe, ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Ya kai. Ya tsaya. Sai ta ga ya dafa gwiwa ya sunkuya, bayansa na jijjiga.

Ba ta jira ba. Ta fizge daga hannun Yaya ta faɗa cikin ciyawar da gudu, takalmi ɗaya ya fita, tana kiran Malam, Malam, ga magani, buɗe baki. Ta iso ta kama fuskarsa ta ɗago.

Kuka yake yi. Irin kukan da ke buƙatar iska mai yawa, yana jan ta har ƙasan ciki yana sakewa, babu fito, babu sarƙewa. Ya dubi maganin da ke hannunta, ya ture shi gefe ba da ƙarfi ba.

"Numfashina lafiya," ya ce. "Ki ɗan matsa, Uwargida. Magana nake da uwata."

Ta ja da baya taku uku, ta tsaya a cikin ciyawar, ƙafa ɗaya ba takalmi.